Babu Mai Hawa Kujerar Nan Sai Ni

Asabar, 3 ga Rajab 1379. Karimu ya ce a lissafin Turawa 2 ga Janairu 1960 ne. Salaga.

Sahada, matar ɗana, ta tafi yau. Shekaranjiya ta fita takaba, kawunta ya zo daga Bawku ya ɗauke ta ita da 'yarta Lariba. Ta durƙusa a bakin zaure ta ce, "Baba, mun tafi, a yafe mana." Na ce a sauka lafiya. Me zan ce? Lariba ta ƙi sakin gefen rigata sai da aka ɓanɓare ta. Shekara biyar, amma riƙo irin na ubanta.

Gidan yanzu daga ni sai kaji huɗu sai motar nan da ke ƙofa.

Littafin nan a ƙarƙashin kujerar motar na tsince shi. Na ɗana ne. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba yana da rai, ba kuwa zan fara da alƙalami ba. Mai motar zan riƙa ce masa. Ya yi zane-zane a farkon littafin, da rubutun boko wanda ban san kansa ba. Na juya littafin na fara daga baya, inda namu rubutun na ajami yake farawa. Ɗan abin da Baba ya koya mini ne kafin in bi jakuna. Hannuna ya manta rabi.

Litinin, 5 ga Rajab.

Karimu ya zo da saƙon Yaya Zuberu daga Yendi. Karimu direba ne, Badagombe, abokin mai motar tun suna samari. Ya tsuguna yana ta kame-kame kafin ya faɗa.

Wai mota ba kabari ba ce da za a zauna ana gadi. Wai Sahada da Lariba suna da haƙƙi a cikinta, daga ita za su ci. Ko a sa direba ta hau hanya, ko in Babbar Sallah ta zo tana nan a kafe, a sayar wa wani mutumin Kumasi. Liman ya yarda da hakan.

Wai! Zuberu ke maganar sayarwa. Ai ya saba. Shekara shida ke nan, ina kwance kurkunu ya ɗaure mini ƙafa biyu, shi da yaron suka kora jakunana goma sha ɗaya kasuwa suka mai da su wannan ƙarfen. Na tashi na tarar da turaku babu kowa. Tun ran nan ban gaishe shi ba. In na shiga Yendi, ta bayan kasuwa nake zagayawa don kada in bi ta ƙofarsa. Motar kuwa ban taɓa sa ƙafata a ciki ba. Yaron ya yi roƙo har ya gaji. "Baba, zo ka zauna nan gefena in kai ka Bawku yini ɗaya." In ce masa ƙafata ta san hanya.

Shi ne na ƙarshe da ya zauna a kujerar. Ya dawo daga Yendi da zazzaɓi, ya kashe ta a ƙofa, ya shiga ya kwanta. Kwana uku. Matashin kujerar har yanzu da lotsawar jikinsa.

Na ce wa Karimu ya koma ya faɗa wa Zuberu: babu baƙon da zai hau kujerar nan. In direba ake so, ga ni.

Ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba, ya daina.

Alhamis, 8 ga Rajab.

Na buɗe ƙofar na duba. Ban shiga ba.

Juma'a, 9 ga Rajab.

Bayan masallaci na shiga. Na yi bisimilla na zauna. Warin fetur da na man da yake shafawa a kai. Na daɗe. Kaji suna kallona.

Talata, 13 ga Rajab.

Karimu ya yarda zai koya mini duk ranar da ya zo ɗaukar doya, Talata da Asabar. Ya yi wunin yau kansa a cikin injin. Da ya gama ya ce, "Baba, matsa in nuna maka yadda ake yi." Na ce ya nuna daga inda yake. Ya ce ba a koyar da mota da baki. Na ce ni jaki da baki aka koya mini, da sanda. Ya ɗaga hannu sama ya ce wani abu da Dagombanci, ya zagaya ya zauna a hagu.

Ya ɗaura jan allo a gaba da baya, alamar ɗan koyo. Ni, mai shekara sittin da uku.

Abubuwa uku ne a ƙasa: kuloci, birki, totur. Ƙafata biyu. Wanda ya ƙera abin nan bai iya ƙidaya ba.

Ta mutu sau goma sha huɗu tsakanin ƙofar gida da filin idi. Duk mutuwa sai Karimu ya sauka ya murɗa ƙarfen gaba ya tashe ta. A ta ƙarshe ya ce, "Baba, kafaɗata fa guda biyu ce kawai."

Asabar, 17 ga Rajab.

Na ture dangar Amamatu mai koko. Na daka wa motar tsawa irin wadda nake wa jakuna in sun nufi gonar mutane, ita ko a jikinta. Karimu yana ihu, "Birki, Baba, birki! Ba ya jin Hausa!" Shi ma ai ba jin ta yake sosai ba.

Amamatu ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Tsoho, in mutuwa kake nema, ga rijiyoyi nan cike da gari, ka bar mini dangata." Na gyara mata da hannuna kafin la'asar.

Laraba, 28 ga Rajab.

A majalisar ƙofar masallaci in na iso sai a yi shiru, sai wani ya ce, "Direba, ina gajiya?" Mutanen da na goyi rabinsu a kan mangala zuwa Gambaga suna yara. Na daina zama. Ina sallata in taho gida.

Tuwon da nake tuƙawa ba ya daɗi. Matata Asiatu, Allah ya ji ƙanta, shekara tara da rasuwa, ba ta taɓa bari na san wahalar miya ba.

Talata, 4 ga Sha'aban.

Yau na gane kuloci.

Karimu ya yi ta cewa a hankali, a hankali. Ban san wane irin hankali yake nufi ba. Sai na tuna Duna, baƙin jakina mai taurin kai. In ka sake masa igiya gaba ɗaya sai ya zabura ya zubar da kaya. In ka riƙe da ƙarfi sai ya kafe. Sai ka sassauta kaɗan-kaɗan har ka ji ya ɗauki nauyin a bayansa, sannan ka sake. Na ɗaga ƙafa haka. Na ji ta ta ɗauka. Ta tafi sumul.

Karimu ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce wanda kuka sayar.

Ba shi ya sayar ba. Ba komai, ya ji.

Asabar, 15 ga Sha'aban.

Ribas tsakanin ganguna biyu. Wuyana ba ya juyawa. Na tsufa ban taɓa ganin jakin da aka kora da baya ba.

Laraba, 19 ga Sha'aban.

Zanen da ke farkon littafin ashe alamun hanya ne. Karimu ya ce mai gwaji zai nuna mini su a allo in faɗi ma'anarsu. Mai motar shi ya zana su da hannunsa lokacin da yake nasa koyon. Akwai maciji, wato hanya mai lanƙwasa. Akwai yara biyu riƙe da hannun juna. Akwai gada. Akwai wani kamar tsani, wai hanyar jirgin ƙasa. Jirgin ƙasa a Salaga! In ya zo, ni ma zan tsaya in kalla.

Yaran da ya zana, ɗaya ya yi masa kai kamar tulu. Tun yana ƙarami haka yake zana mutane a ƙasa da tsinke. Na taɓa marinsa a kan haka, ya bar jakuna sun shiga dawa.

Yau na fi awa ina kallon kan nan.

Juma'a, 6 ga Azumi.

Ni kaɗai na sha ruwa. Amamatu ta aiko da koko da ƙosai, ba ta ce daga wa ba, amma na san kwanonta.

Alhamis, 12 ga Azumi.

Ba Karimu, motarsa ta lalace a Bimbilla. Ba a yarda in fita ni kaɗai ba. Na zauna a kujerar injin a kashe ina canza giya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na fitar da hannun dama ta taga, na miƙe shi, kwana dama. Na juya shi, kwana hagu. Na kaɗa shi sama da ƙasa, zan tsaya. Wata mata mai tallar itace ta tsaya tana kallona, ta girgiza kai ta wuce. Za ta kai labari cewa tsohon ya taɓu.

Talata, 1 ga Shawwal. Ƙaramar Sallah.

Na je idi na dawo. Sawun tayata duk ya cika filin, sai da aka share. Bara war haka Lariba ce a kafaɗar ubanta da jan ɗankwali.

Talata, 15 ga Shawwal. Yendi.

Ni na tuƙo ta daga Salaga, Karimu a gefe. Mun fito da asuba, mun iso bayan azahar. Tafiyar da nake yi kwana biyar da jakuna. Ban ga komai ba a hanya sai hanyar. A Bimbilla na so in duba ko tsamiyar da muke sauka tana nan, Karimu ya ce, "Ido gaba, Baba." Hannuna ya sandare a sitiyari, sai da ya buɗe mini yatsu ɗaya-ɗaya kafin in yi alwala.

A gidan Karimu na sauka. Matarsa ta ce ai gidan yayana kusa ne. Na ce na sani.

Gobe gwaji. Mai gwajin daga Tamale yake zuwa.

Laraba, 16 ga Shawwal.

Na faɗi.

Bari in rubuta yadda aka yi, don Karimu zai ba da labarin a karkace.

Mutumin tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, Hausarsa ta bariki. Ya dubi takardata ya dube ni ya ce, "Baba, kai ne za ka yi, ko ka rako wani?" Allo na ci duka. Maciji, yara, gada, tsani. Ribas na taɓa ganga ɗaya amma ba ta faɗi ba. Muka hau hanya. Na ji Duna a ƙafata, na ce yau an gama.

Muna hawa 'yar tudun da ke bayan tasha sai ga makara ta fito daga lungu. An ɗauko wani za a kai shi. Ban yi tunani ba. Tun ina yaro Baba ya hana mu: ba a wuce gawa a kan dabba, ba a wuce babba a kan dabba. A sauka. Na taka birki, na buɗe ƙofa, na dira, na cire takalmi, na sa kafaɗata a makarar na taka da su taku kaɗan. Ban san mamacin ba. Ba a tambaya.

Sai na ji ihu a baya. Motar tana komawa da baya, ƙofa a buɗe, mai gwajin ya kwanta a kan kujera yana jan birkin hannu da hannu biyu. Hularsa a ƙasa. Ta tsaya saura kaɗan ta shiga rumfar mai wanzanci.

Bai zage ni ba, gara ma da ya zaga. Ya kakkaɓe hularsa ya ce, "Baba, kana so ka kai gawa ɗaya, ka dawo ka samu biyar?" Ya ce in dawo bayan sati shida in ina so.

Ya zauna a gefen kujerar. Da gwiwa ne dai, ba zama ba. Na duba.

Alhamis, 17 ga Shawwal.

Duk Yendi an ji. Zuberu ya ji. Ina ganin yadda zai riƙe gemu.

Gobe ma in na ga gawa zan sauka. Su riƙe takardarsu.

Laraba, 23 ga Shawwal. Salaga.

Ban fita ba. Kaza ɗaya ta ɓace.

Lahadi, 5 ga Zulƙida.

Karimu ya zo sau uku na ce ba ni da lafiya. An yi ruwan farko. Ciyawa ta fara tsirowa a ƙarƙashin motar. Mutumin Kumasin ya zo da kansa ya zagaya ta, ya buga taya da ƙafa, ya kai hannu zai buɗe ƙofar dama. Na fito da sandata. Ya ce kallo kawai yake. Na ce ya kalla daga can.

Da ya tafi na zauna a bakin zaure har inuwa ta bar ni. Saura sati biyar. In sun tafi da ita, shi ke nan, babu sauran abin da ya taɓa a gidan nan sai buta.

Talata, 7 ga Zulƙida.

Karimu ya shigo ba sallamar kirki. Ya je Bawku ɗaukar albasa, ya biya wajen Sahada. Wai suna lafiya, tana sayar da gyaɗa a ƙofar gidan kawunta. Wai Lariba ta tambaye shi, "Kaka zai zo da lorin Baba?" Ya ce mata Kaka ya ji tsoro.

Na ce ƙarya ka yi mata. Ya ce to in ƙaryata shi.

Sannan ya faɗi abin da ban sani ba. Mai motar sau biyu ya faɗi gwaji. Na farko ya kashe zabuwar wani, na biyu ya manta hannu. Ya hana a faɗa mini don kada in ce na faɗa. Ai kuwa da na faɗa. Karimu ya ce ran da ya ci, a tasha ya zauna yana juya takardar, ya ce, "Da tsohon zai duba ta ko sau ɗaya." Ya kawo mini ita, na tuna. Na ce ya ajiye can, ina cin abinci.

Na ce wa Karimu Asabar ya zo da wuri.

Asabar, 11 ga Zulƙida.

Na zaci zai ce in daina sauka. Na shirya masa amsa tun jiya. Sai ya ce, "Baba, ba wanda ya hana ka sauka. Ko jaki ai sai ka ɗaure shi kafin ka tafi gaisuwa."

Wannan gaskiya ne. Na ji haushi da ya riga ni faɗa.

Abu biyar ne. Madubi, a ga na baya. Hannu ta taga. A raɓe hagu. A cire giya a ja birkin hannu. A sa katako a bayan taya. Sannan a je a gaida wanda za a gaida.

Muka yi ta yi a kan gangaren hanyar Kpembe. Ina cikin tafiya sai ya buga cinya ya ce, "Ga Liman!" In duba, akuya ce. In yi biyar ɗina, in sauka, in je. "Ga sarkin Zongo!" Kututture. Ya ce sai na tsuguna na tambayi kututturen iyali. Na ce ya kiyaye ni, na haifi sa'ansa.

Sau ashirin da biyu. Gwiwata.

Litinin, 20 ga Zulƙida.

Na yi ni kaɗai a ƙofar gida, injin a kashe. Madubi, hannu, hagu, birki, katako. Amamatu ta leƙo ta danga ta ce, "Tsoho, ka manta katakon." Na manta kuwa. Ashe tana ƙirgawa.

Asabar, 25 ga Zulƙida.

Tashi a kan tudu ba tare da ta zame ba. Karimu ya sa ƙwai a bayan taya. Biyu sun fashe. Na uku ya kai wa matarsa.

Laraba, 29 ga Zulƙida. Yendi.

Yau kam sai na rubuta.

Mutumin nan ne dai. Da ya gan ni ya cire hularsa ya sa a aljihu ya ce, "Yau ba zan yi asara ba." Allo, ribas, duka lafiya. Muka fita. Ya ce dama, na yi dama. Ya ce miƙe. Da muka kai mararrabar kasuwa na fara karkata sitiyari in bi ta baya, yadda ƙafata ta saba shekara shida. Ya ce, "A'a, Baba. Hagu. Sama."

Hagu sama, ƙofar Zuberu ce.

Na roƙi Allah ya sa yana ciki. Yana waje. A kan buzunsa, a gindin darbejiya, da carbi. Ya rame. Ban san ya rame haka ba.

Tsakanina da shi bai fi taku hamsin ba, kuma a cikin taku hamsin ɗin nan na yi tunanin duniya. In na wuce, na wuce yayana a kan abin hawa, a gaban mutane, abin da ko ina maye ban taɓa yi ba. In na tsaya, mutumin nan ya ce tsohon bai warke ba, a sayar da motar. Kuma in na tsaya sai na gaishe shi.

Madubi. Babu kowa sai mai keke can nesa. Na fitar da hannu na kaɗa. Na raɓe hagu. Giya, birkin hannu. Na ce wa mai gwajin, "Ranka ya daɗe, ka yi mini haƙuri kaɗan." Ya ɗora hannunsa kusa da birkin. Na sauka na sa katako, na girgiza motar na ga ba ta motsi. Na cire takalmi.

Na tsuguna. Na ce, "Yaya, ina wuni."

Ya ɗago. Idonsa ya yi fari-fari, ba ya gani sosai, wannan ma ba a faɗa mini ba. Ya ce, "Wane ne?" Na ce ni ne. Ya ce, "Mikaila?" Na ce na'am. Ya tambayi gida, na ce lafiya. Ya tambayi Salaga, ya tambayi ruwa. Ya ce wa ya kawo ni. Na ce ni na kawo kaina. Ya juya kai wajen ƙarar injin ya saurara.

Ya ce, "Ashe har yanzu kana sauka."

Na ce Baba ya hana a wuce babba a kan dabba.

Ya ce, "Ai wannan ba dabba ba ce."

Na ce, "Jakuna goma sha ɗaya ce, Yaya."

Na zaci zai yi fushi. Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, ya kama hannuna yana tarin, bai sake ba ko da tarin ya wuce. Ya ce yaron ne ya zo masa yana kuka, wai ƙafar Baba ba za ta ƙara kai Bawku ba, gara a nemi abin da zai ɗauke shi. Na ce na ji. Ban ce na yafe ba. Ya ce, "Je ka, baƙonka na jira."

Na koma na cire katako. Tudu ne mai kyau, gaban motar na kallon sama. Na ce, Duna, ka rufa mini asiri. Na sassauta. Na ji ta ɗauka. Na saki birkin hannu.

Ba ta zame ba ko faɗin ƙwai.

Muka koma tasha, mai gwajin ya ɗauko takarda. Ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce, "Dama a kan tudun nan zan ce ka tsaya ka tashi. Ka hutar da ni." Ya miƙo takardar. Ya ce, "Amma Baba, in za ka gaida duk tsohon da ke tsakanin nan da Bawku, ka ɗauki guzurin wata guda."

Karimu ya cire jan allon ya wurga sama. Na ce ya ɗauko, katako ne mai kyau.

Alhamis, 30 ga Zulƙida.

Na duba takardar. Na sake dubawa. Ba abin da na iya karantawa sai hotona, na yi kama da wanda aka kama da akuyar sata.

A gidan Zuberu na ci tuwon rana. Gishiri ya yi yawa.

Alhamis, 7 ga Zulhajji. Bawku.

Mun kawo doya. Karimu ya bar motarsa a Yendi ya rako ni, wai ya nuna mini inda ake sauke kaya, kamar ni ban san Bawku ba. Zuberu ya sa an ɗaura rago a baya, na layyar Lariba. Maganar Kumasi ba wanda ya ƙara tayar da ita.

Ni na tuƙa daga Yendi har Gushegu, har Nakpanduri. Sau uku kawai na sauka.

A bakin dutsen Nakpanduri, inda hanya ke gangarawa tana murɗewa kamar macijin littafin nan, na tsaya. Madubi, hannu, hagu, birki, katako. Karimu ya duba ko'ina bai ga tsoho ba bai ga gawa ba. Ya ce, "Baba, wa za ka gaida?"

Na ce idona ya gaji, ya zo ya karɓa.

Bai motsa ba. Ya ce, "Kujerar fa?" Na ce in ba zai iya ba ya faɗa. Ya zagayo. Kafin ya hau ya cire takalminsa, ban sa shi ba. Idona ne ya gaji, ba wani abu ba. Rana ta yi yawa, ga ragon yana ta kuka.

Na zauna a hagu.

Daga nan ana ganin komai. Ƙasar Kusasi shimfiɗe a ƙasa, kore shar, har inda ido ya ƙare. Na ga kukar da muke kwance wa jakuna kaya. Na ga rafin da Duna ya taɓa zubar mana da gishiri. Shekara arba'in ina bin hanyar nan, bayan jaki kawai nake kallo. Iska na shigowa ta taga. Akwai ɗan katako da aka kafa a ƙasa wajen ƙafa, ban taɓa lura da shi ba. Na ɗora ƙafata mai ciwon, ya yi daidai. Na tambayi Karimu na mene ne. Ya ce shi dai tun da aka sayi motar yake ganinsa a nan. Bai dube ni ba.

A Garu na karɓa, don Lariba ta gan ni a kan sitiyari. Ta gani. Ta yi ta tsalle tana cewa a buga ham. Na buga sau biyu. Sahada ta rufe fuska da mayafi ta shige ciki, ta daɗe kafin ta kawo ruwa.

Yanzu Lariba na kan kujerar tana murɗa sitiyari da takalminta duk laka. Na ƙyale ta.

Yini ɗaya ne kuwa, yadda ya faɗa.

Inusah, ɗana. Mun sauka lafiya.